'Yan Tawayen Ndaman Mai Inji

Duk matar da ta taɓa kai markaɗe bayan kasuwar Tunga a Minna ta san Ndaman. In ba ta san fuskarsa ba ta san ƙeyarsa, don ita yake juya wa mutane. Dogo ne siriri, gari ya zauna masa a gira da gashin baki har ba ka iya cewa ga furfura ga garin masara. Hannu ɗaya yana tura wake a bakin inji, ɗayan yana riƙe da waya, idanun kuwa duka biyun a kan wayar. Yadda har yau yatsunsa suke cike goma, wannan sai a ce addu'ar uwa.

Ba shi ya kafa injin ba. Ubansa ne, Malam Uthman, wanda ya taso daga Bida da jaka ɗaya da mata ɗaya, ya kafa rumfar kwano, ya sa injin niƙa da na markaɗe. A zamaninsa kafin a shafa addu'ar Asuba inji ya fara ruri, masu ƙosai sun karɓi ƙullinsu sun tafi. Da ya rasu ya bar matarsa, wadda kowa ke kira Nna kamar yadda 'ya'yanta ke kiranta da Nufanci, ya bar Ndaman, ya bar 'yan mata biyu da aka haifa rana ɗaya: Hussaina, da Hassana wadda ta mayar da kanta Husna tun da ta leƙa makarantar kwana. Nna a bakin wata makwabciya 'yar arewa ta koyi Hausa, ita kuwa wannan mata ba ta cewa tagwaye, tawaye take cewa. Haka sunan ya bi yaran. Har suka yi aure suka haihu, unguwa ba ta san su da wani suna ba sai 'yan tawayen Nna.

Inji ba gona ba ne balle a ja igiya a raba. Sai aka rataya wa Ndaman mabuɗin rumfar a wuya, a igiyar fatar nan ta ubansa, aka ce ya riƙe wa kowa. Mabuɗin nan shi ne duk abin da Ndaman ya mallaka a duniya. Ya shiga babbar makaranta ya fito ba takarda. Ya yi acaɓa, babur ya gaji da shi kafin ya gaji da babur. Amma daga ranar da igiyar ta hau wuyansa ya zama Mai Inji, ana gaishe shi a hanya, ana matsa masa a benci. Ko wanka zai shiga ba ya cire ta.

Abin da kowa ya sani, shi kaɗai bai sani ba, shi ne ba ƙarfinsa ke riƙe da mabuɗin ba. A gado namiji kashi biyu ne, mace ɗaya. Ɗaya da ɗaya kuwa biyu ne, ko a wajen wanda bai je makaranta ba. Ga kuma tumunin Nna a gefe, kashi ɗaya cikin takwas na matar mamaci, wanda duk inda ya faɗa nan ma'auni zai rinjaya. Sa'ar Ndaman ita ce ƙannensa ba sa ga maciji da juna. Wata Bayarbiya mai sayar da atamfa ce ta taɓa gaya wa Hussaina cewa a wajensu wanda ya fito daga baya shi ne babba, shi ya aiki na farkon ya leƙo masa duniya. Hussaina ta ɗauki maganar ta ƙulle a bakin zane. Ranar wani suna ta zauna a tabarmar manya ta ce Husna ta miƙo mata ruwa, tunda dama 'yar aikenta ce tun daga ciki. Daga ranar suka daina ko sallama. Ndaman kuwa ya samu inuwa a tsakanin fushin nan biyu ya shimfiɗa tabarma.

Sai wasan waya ya shigo.

Wasu mutane ne can ƙetaren teku, da Allah ya yalwata wa lokaci, suka ƙirƙiro shi. Sunansa na Turanci ya fi ƙarfin bakin 'yan Tunga, sai suka raɗa masa Gadon Sama. A ciki akwai alloli irin na tatsuniya, masu ƙaho da masu fukafuki da masu hannu fiye da bukata. Babbansu ya kwanta bai tashi ba, mabuɗin ƙofar sama ya faɗa hannun ɗansa Mai Tsawa, wani ƙato da ba ya komai sai ruri. Mata biyu sun yi masa tawaye, Mai Wuta da Mai Ambaliya, amma kowacce ta yi nata daban, domin ƙiyayyar da ke tsakaninsu ta fi wadda suke yi masa. Can ƙasa kuma akwai Tsohuwar Kogi, zaune a tabarma, ba ta ce da kowa ci kanka. Waɗanda suka ƙirƙiro wasan ba sa ba da labarin gaba ɗaya. Gutsura shi suke yi kamar mai ba yaro ƙuliƙuli, su bar maza masu gemu suna musu wata da watanni a kan abin da zai biyo baya.

Musun nan shi ne sana'ar Ndaman ta gaskiya. Niƙa aikin gefe ne. Ya kafe a kan cewa gabar Mai Wuta da Mai Ambaliya ba za ta ɗore ba, wata rana za su haɗa kai, Tsohuwar Kogi ta mara musu baya, Mai Tsawa ya wayi gari ba mabuɗi. Hujjarsa? A wani hoto akwai zare shuɗi ɗaya a bakin rigar Mai Wuta, shuɗi kuwa launin ruwa ne. A wani hoton kuma ƙoƙo biyu ne a gaban Tsohuwa, ba ɗaya ba. Mutumin da ba ya ganin tsakuwa a cikin waken mutane, shi ne ya hango zare a rigar aljana.

Abokin musunsa Badaru ne, Bakatsine mai Keke Napep, wanda ke ajiye kekensa a bakin rumfar ya bar fasinja suna shan rana a titi.

"Kai Banufe, bawana," in ji Badaru, "mai zanen nan fenti ne ya rage masa ya goge a rigar. Kai kuma ka mayar da shi wahayi."

"Bakatsine me ya sani a kan ruwa? Ku da kogi sai a kalanda. Ƙoƙo biyun fa?"

"Ɗaya na fura, ɗaya na kurkure baki."

Tun suna yi a hankali har suka saba da ɗaga murya, saboda a rumfar inji ba a magana, ihu ake yi. Wata rana bayan La'asar suka manta sun fito daga rumfar, Ndaman ya taƙarƙare a ƙofar masallaci yana rantsuwa cewa allan tsawa ya kusa faɗuwa. Liman Garuba ya yafito shi da yatsa.

"Ndaman, yanzu alloli nawa ne a Tunga? Ka sanar da mu, mu san inda za mu riƙa fuskanta."

"Allah gafarta Malam, wasa ne. Zane ne kawai."

"To harshe ba zane ba ne. Ka yi wasanka, amma kalmar nan kar na sake jin ta a bakinka da jam'i."

Ndaman ya tuba nan take, kuma tubarsa ta gaskiya ce, don yana tsoron Allah, yana kuma tsoron Liman. Daga ranar ya wanke bakinsa. Mai Tsawa ya koma "mai mabuɗi". Tsohuwar Kogi ta koma "Tsohuwa". Wuta da Ambaliya suka koma "'yan tawaye". Ya yi murna da dabararsa har ya koya wa Badaru. Bai tsaya ya saurari yadda kalmomin suke sauka a kunnen wanda bai san wasan ba.

A lokacin nan rumfa ta riga ta fara ramewa. Ba a buɗewa sai rana ta ɗaga. Masu ƙosai sun koma wani inji a tsallaken titi. Wadda ta kawo gero ta koma gida da kunu mai yajin tattasai, don ba a wanke inji ba. Fulanin da ke kawo geron fura suka daina tsayawa. Nna tana gani, tana shiru, domin ɗa namiji ɗaya gare ta, kuma ba wanda ya taɓa tambayar ta abin da ta gani.

Ranar da abin ya faru, wata Talata ce da hantsi, mata sun yi layi da bokitai. Inji yana ruri, Ndaman yana ruri a kansa, Badaru ya kara kunne. Mu da aka ce madatsun ruwan da ke haska ƙasa a jiharmu suke, mun san wuta ba ta sallama in za ta tafi. Ɗif, aka ɗauke. Inji ya yi shiru. Bakin Ndaman kuwa bai da makunni, ya riga ya taho da gudu:

"... na rantse maka 'yan tawayen nan munafunci suke yi, gabar tasu ta ido ce! Ranar da suka ja Tsohuwa gefensu, mai mabuɗi ya gama yawo!"

Ko kaza ba ta yi motsi ba. Matan suka dubi juna, suka dubi igiyar da ke wuyansa. Wata mai alale, Lauratu, ta gyara goyo ta ce, "Ikon Allah. Ashe haka gidan yake." Ndaman ya ɗauka sha'awar iliminsa take yi, har ya gyaɗa mata kai.

Magana zarar bunu ce. Kafin a dawo da wuta ta isa Chanchaga, inda Husna ke aure, ta kuma isa shagon ɗinkin Hussaina a nan Tunga, kuma a hanya ta yi ƙiba. Aka ce Ndaman ya tara mata ya ce ƙannensa munafukai ne, suna haɗuwa a ɓoye, sun shirya juya kan uwarsu su ƙwace inji.

Hussaina ba ta ko cire zaren da ke wuyanta ba ta tari keke. A ranta, Husna ce ta je ta yi wani surutu har aka haɗa sunansu. Ta shiga gidan ba sallamar kirki, ta tarar da Husna ta saka mayafi, ita ma za ta fito neman ta.

"Ke, me kika je kika ce a kaina?"

"Ni zan tambaye ki. Yaushe na haɗu da ke a ɓoye? Ni da ko a sarari ba na son ganin ki."

"To wa ya ce masa muna shiri?"

"Ki tambayi Bayarbiyarki, ita ce mai ba ki labarin abin da ya faru a cikin ciki."

Jamil, mijin Husna, yana tsakar gida yana wanke babur. Ya sa aka maimaita masa maganar kalma bayan kalma. Da aka zo kan "mai mabuɗi" sai ya saki soso ya zauna a ƙasa yana dariya har da tari. Shi ma ashe yana taɓa wasan a ɓoye. Ya ciro waya ya nuna musu: ga Mai Tsawa da tumbinsa, ga 'yan tawaye, ɗaya ja ɗaya shuɗiya, ga Tsohuwa a tabarma.

"Ba da ku yake ba. Yaya Ndaman bai ma san kuna duniya ba."

Wannan ta fi zagin ciwo. Suka tsaya suna kallon hoton. Hussaina ta ce, "Wannan mai tumbin, aikin me yake yi?"

"Ba ya komai. Ƙara kawai."

"Kuma shi ke da mabuɗi."

"Shi ke da shi, tunda waɗannan biyun ba sa shiri."

Husna ta cire mayafinta a hankali ta ninke. Ta shiga ɗaki ta fito da kwanon dambu da cokali biyu, ta ajiye a tsakani ba ta ce kowa ya ci ba. Hussaina ta dubi kwanon ta ce gishiri ya yi kaɗan tun daga ido. Ta ci fiye da rabi.

Bayan kwana kaɗan Hussaina ta je rumfa ita kaɗai, da ɗan gero a roba don kar a ce ta zo haka kawai. Ta gaishe shi har ƙasa, abin da ba ta yi ba tun rasuwar ubansu.

"Yaya, wai ni labarin nan da ake cewa ka fi kowa sani a Minna, na 'yan tawaye. Jamil ya ce har mutanen Legas suna jin maganarka a waya."

Ndaman ya kashe inji da hannunsa, da mutane a layi. Shekara da shekaru yana jiran wani daga gidansu ya tambaye shi wannan. Ya share mata benci da hularsa.

"Zauna, 'yar Nna. Ai ke dama tun kina ƙarama kin fi waccan kai."

"To ni abin da ban gane ba, Yaya, su biyu mata, shi ƙato. Ta yaya za su iya?"

"Yawwa. Nan kowa ke ɓata. Badaru yana zaton yaƙi za a yi. Ba yaƙi. Mai mabuɗi ba ƙarfi gare shi ba, gabarsu ce ƙarfinsa. Su dai su ajiye maganar wa ya fi wa, ba sai sun warware ta ba, su rataye ta a ƙusa kamar rigar Sallah."

"Sai Tsohuwa. Ai na ji an ce tana son shi."

"Tana son shi mana. Amma kin san ciwonta? Kowa yana kawo mata gaisuwa da goro, ba mai tambayar ta. Tsohuwa ba a sayen ta da kyauta. Ki zauna a gabanta ki ce, me kika gani? Shi ke nan. Wanda ya fara tambayar ta, shi ya tafi da ita."

"Allah Sarki. Mabuɗin fa? Ƙwacewa za su yi yana barci?"

Ndaman ya yi dariyar manya, ya shafa igiyar wuyansa. "Wanda aka ƙwace wa abu yana da bakin kai ƙara. A'a. Da hannunsa zai miƙa. Su jira ranar da hankalinsa ke wani wuri, ranar da mabuɗin ya zame masa kaya. Irin waɗannan, Hussaina, sakarkaru ne. Suna kallon nesa, ba sa ganin gindinsu."

"Wallahi Yaya, Allah ya ba ka basira," in ji Hussaina. Ta ɗauki geronta ba a niƙa ba ta tafi. Shi kuwa ya wuni yana gaya wa Badaru cewa ilimi ya fara shiga gidansu.

Ran Juma'a Nna tana tsinke zogale a tsakar gida, sai ga 'ya'yanta mata sun shigo tare, kafaɗa da kafaɗa. Ta dube su ta sake dubawa, ta ce da irin Hausarta da ba ta raba mace da namiji, "Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Nna."

"To kai da shi, me ya haɗa ku?"

Suka zauna a ƙasa, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ba su kawo atamfa ba, ba su kawo goro ba. Husna ta ce, "Nna, ke kika ga rumfar nan tun tana kwano huɗu. Mu yara ne. Me kika gani?"

Nna ta ajiye zogalen. Tun da aka kai Malam Uthman makwancinsa ba wanda ya yi mata wannan tambaya. Aka ce ta fara magana rana na tsaka, ba ta tsaya ba sai da aka kira Magariba, rabi da Hausa rabi da Nufanci. Ta san wace mai ƙosai ce ta fara gudu, da dalili. Ta san haƙoran injin markaɗe sun daɗe ba a wasa su ba, daga ɗaki take jin muryarsu ta canza. Ta san ɗanta ba mugu ba ne, wofi ne kawai, kuma ta ce wofi ya fi mugu cin dukiya, don shi mugu yana tashi da wuri.

Saura ranar da mabuɗi zai zame kaya. Waɗanda suka ƙirƙiro wasan da kansu suka kawo ta, Allah ya saka musu. Suka sanar cewa sabon babin Gadon Sama zai fito, ya kuma faɗo daidai ranar farko ta azumi, ranar da duk gidan da ke Tunga ke son ƙullin ƙosai da gasarar kunu kafin La'asar. Babin kuwa nauyi gare shi, wayar Ndaman ba ta iya jawo shi sai a shagon Ernest mai gyaran waya, can wajen babban titi, inda sabis ke da ƙarfi. Duk 'yan musu a can za su taru.

Da hantsi layi ya kai bakin kwata. Ndaman ya buɗe rumfa, ya niƙa roba biyu, yana duba waya kamar mai jiran haihuwa. Badaru ya tsaya da keke yana danna ham.

"Banufe, ka taho ko na tafi. Yau za a san wanda uwarsa ta haifa da kai."

Ndaman ya dubi layi, ya dubi keke. In ya rufe, matan nan masu azumi za su cinye shi ɗanye. In ya tsaya, wani zai riga shi ganin abin da ya shekara yana faɗa. Sai ga Hussaina a gefensa, Nna na biye da ita da 'yar kujerarta.

"Yaya, je ka abinka. Wannan ranar taka ce. Ka bar wa Nna mabuɗin, ma lallaɓa mutane kafin ka dawo."

Ko tsayawa tunani bai yi ba. Ya cire igiyar da bai taɓa cirewa ba, ta maƙale a kunnensa ya fizge, ya dangwara a tafin uwarsa a gaban mata fiye da a ƙirga. Har ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Hussaina." Ya faɗa keke.

Abin da ya gani a shagon Ernest, an ce ya sa shi hawaye. Komai ya fito yadda ya faɗa. Mai Wuta da Mai Ambaliya suka sha a ƙoƙo biyun nan. Tsohuwar Kogi ta tashi daga tabarma. Mai Tsawa ya miƙa mabuɗi da kansa don ya saki hannu ya kama wata tauraruwa da ta burge shi. Zaren shuɗin ma ashe ba ragowar fenti ba ne. Ernest ya ɗaga hannun Ndaman sama kamar ɗan dambe yana cewa, "Oga Ndaman, kai ne farfesa." Badaru ya ce daga yau ya 'yanta shi daga bauta.

Bai jira keke ya gama tsayawa ba ya diro. Tun daga bakin layi ya ji inji yana ruri da wata murya mai daɗi da ya manta da ita, amma murna ba ta bar shi ya yi tambaya ba. Ya kutsa cikin mata, waya a sama, yana ihu don ya fi injin:

"Na faɗa ko ban faɗa ba? 'Yan tawaye sun karɓi mabuɗi! Tsohuwa ta bi su!"

Husna ce a kan injin markaɗe, ta ɗaure ɗankwali tamau, tana tura wake da muciya yadda ubansu ya koya musu tun suna tsayawa a kan bulo. Hussaina tana kan na niƙa. An wanke ƙasa, an sa sabon bel. Nna tana zaune a bencinsa, igiyar fata a wuyanta, Liman Garuba a gefe ya zo shaida, yana jan carbi yana kallon rufin kwano.

Lauratu mai alale ta ɗauki bokitinta ta ɗora a ka. "Ai mun riga ka sani, Mai Waya," ta ce. "A gabanmu aka yi."

Ya tsaya da hannu a sama. A hankali hannun ya sauko ya tafi wuyansa, ya lalubi wurin da igiya take zama. Husna ta rage ƙarar inji.

"Sannu da zuwa, Yaya. An ci musun?"

"Wannan... wannan me ke nan?"

"Ɗaya da ɗaya ne," in ji Hussaina, "da tumunin Nna a kai. Malam ya lissafa, ka tambaye shi. Kasonka yana nan ba mai taɓawa. Mabuɗi ne dai ya canza wuya."

"Ƙwace kuka yi."

"Haba Yaya. Wanda aka ƙwace wa abu ai yana da bakin kai ƙara. Kai da hannunka ka miƙa."

Ya juya wajen uwarsa. "Nna, ke ma?"

Nna ta gyara zama. "Kai ka taɓa tambaya na?"

Liman ya yi gyaran murya ya ce azumi ne, kowa ya yi haƙuri, kuma shi a iya saninsa wannan ne karo na farko da tatsuniya ta yi wa unguwa amfani.

Yanzu kafin a shafa addu'ar Asuba inji ya fara ruri a bayan kasuwar Tunga. Masu ƙosai sun dawo, Fulani sun dawo. Ndaman yana nan, shi ke ɗaga buhu, shi ke wanke inji tsakanin tattasai da gero, wayarsa kuwa tana cikin wata robar fenti mai murfi a ƙarƙashin kujerar Nna har sai an yi Azahar. Sunan da Lauratu ta raɗa masa ya zauna daram. Yara ma Mai Waya suke cewa. A wajen 'yan wasan kuwa girmansa ya ƙaru, daga Kaduna ma ana kiran sa a ji ra'ayinsa.

Kuma yana da sabon hasashe. Ya ce mabuɗi ɗaya ba ya rataya a wuya biyu, ƙawancen 'yan tawaye ba zai kai babi na gaba ba, da sun tuna wa ya fi wa, Mai Tsawa zai dawo kujerarsa. Wannan karon ya san da wa yake. Wata yamma da aka tashi, Nna ta ba shi mabuɗin ya kulle rumfa. Ya kulle, ya juyo yana kaɗa igiyar a yatsa, ya dubi ƙannensa da fuskar salihai.

"To, wa zan ba? Babbar ko ƙaramar?"

Husna ta ɗago kai. Hussaina ta ajiye tsintsiya. Hannuwa biyu suka fara motsi a lokaci ɗaya, Ndaman ya fara murmushi.

Wani busasshen hannu ya ratso ta tsakaninsu ya buɗe.

"Babbar," in ji Nna. "Kawo nan."